Tara Cikin Ashirin

Sagiru na kan tsani da buroshi a hannu, ya gama rubuta sunan shagon aski, saura zanen almakashi, sai ya ji an kira shi daga ƙasa. Baba Garuba ne, ƙanin mahaifinsa, zaune a bayan zemijan, babur ɗin haya, bai ma bari ɗan babur ya kashe inji ba.

"Sauko."

"Baba, fentin zai bushe. Saura kaɗan."

"Na ce ka sauko, Sagiru."

Ya sauko a hankali, yana goge hannu a jikin wando. Baba Garuba ya sallami mai babur, ya ja shi gefen kwata, nesa da masu jiran aski, sannan ya rage murya.

"Alhaji Buraima ya tare ni a bakin masallaci. Ya ce goron da za mu kai ranar Juma'a, mu riƙe abinmu."

Sagiru ya tsaya yana kallon bakinsa. Wata huɗu ke nan ana shirin wannan Juma'ar. Ita ce ranar da manyansa za su je su nema masa auren Zahida, 'yar Alhajin.

"Me na yi?"

"Ni kake tambaya? Uwarta ta buɗe jakarta za ta ɗauki makulli, ta ga laya ta fata. Ta ga takarda a ninke, gida-gida kamar hatimi, da lambobi a ciki, da sunan yarinyar a sama. A gefe kuma wani rubutu, ba na Larabci ba, ba na boko ba. Kuma duk Zongo an san hannunka, rabin allunan shagunan nan kai ka rubuta." Ya ƙara matsowa. "Gaya mini gaskiya, ɗana. Wajen wa ka je? Yarinyar nan tana son ka, me ya kai ka ga asiri?"

Dariya ta taso wa Sagiru, amma da ya ga idon Baba Garuba ya yi ja, sai ta koma.

"Baba, wasa ne."

"Wasa! To, bayan azahar Malam Idrisu zai je ya duba wasan naka kafin a ƙona shi. In kana da baki, ka zo da shi."

Wasan kuwa, a gidan su Samir ake yin sa, can unguwar Agbalépédo, kowace Lahadi da rana a ƙarƙashin mangwaro. Samir abokinsa ne tun suna yara, shi ya wuce jami'a, Sagiru ya tsaya a ajin ƙarshe na firamare ya kama fenti. Wani ɗan'uwan Samir ya aiko masa da ƙaton littafi daga Faransa, da 'ya'yan lido masu fuskoki da yawa. Samir ne ke ba da labari: ga daji, ga kogi, ga gari da ciwo ya shiga. Sauran kowa ya ɗauki mutum ɗaya a cikin labarin, ya faɗi abin da mutumin nasa zai yi. In abin mai wuya ne, a jefa ɗan lido a ga ko ya yi nasara. Ba sisi a ciki, ba wanda ke cin wani. Mahaifiyar Samir ma takan zauna kusa tana tsinke alayyafo, tana yi musu tsawa in sun bar wani a baya cikin kogo.

Faransancin littafin ya fi ƙarfin Sagiru, sai dai a fassara masa. Amma hannu nasa ne. Shi ya zana musu taswira, shi ya tsara wa kowa takardar mutuminsa, ya ja layi ya raba gidajen lambobi. Ta Zahida ce ya fi daɗewa a kai, kwana uku yana yi. Ta fara zuwa ne tare da Nadia, ƙanwar Samir, suna karatun haɗa magunguna tare, kuma tun ranar farko ta zaɓi wata mata mai zama a daji, irin ta Turawan da, tun kafin coci ta iso musu. Sagiru ya ga wasu haruffa a bayan littafin, tsaye-tsaye kamar an karce itace da wuƙa, suka ba shi sha'awa, ya kewaye takardarta da su. Ya kuma ɗinka mata 'yar jakar fata ta sa ɗan lidonta. Ko sau ɗaya bai taɓa kallon jakar ya ga laya ba. Yanzu da ya rufe ido ya tuno ta, sai ya ga ba abin da ta fi kama.

Ya kira Samir sau huɗu, waya a kashe. Ya kira Nadia, ta ɗauka ta ce Samir yana ɗakin jarrabawa har yamma. Ya kira Zahida, bai shiga ba. Wato mai littafi ba ya nan, masu Faransanci ba sa nan, shi da ya fi kowa ƙarancin karatu shi zai yi bayani.

Ya ba mai aski haƙuri, ya wanke hannu da kananzir, shuɗin fenti ya ƙi fita daga ƙarƙashin farce. Ya koma ɗaki ya sa kaftanin da ya ajiye don Juma'a, ya naɗe taswira ya sa a hammata. Bayan an sallame azahar ya bi titi a ƙafa, manyan motocin da ke hawa arewa suna wuce shi da ƙara, yana ta jera magana a ransa tana rushewa.

A barandar Alhaji Buraima an shimfiɗa tabarma biyu. Alhajin na zaune a kujera, mutum mai jiki, ɗan kasuwar atamfa, carbi na gudu a hannunsa. Baba Garuba na gefe, kai a ƙasa. Malam Idrisu, wanda ya koya wa Sagiru alif da ba, yana goge tabarau da bakin rawani. A tsakiya an ajiye faranti na silba, takardar da jakar fatar suna kai, da cokali a gefe. Da cokalin aka ɗauko su, don ba wanda ya yarda ya sa hannu. Labulen ƙofar ciki yana motsi ba tare da iska ba.

Sagiru ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Alhaji ya amsa da hanci.

Malam Idrisu ya yi bisimilla, ya ture cokalin, ya ɗauki takardar da yatsu. Ya kai ta kusa da ido, ya nisanta ta. Leɓensa suka fara motsi, yatsa na bin gidajen daga dama zuwa hagu, sannan daga sama zuwa ƙasa. Ya daɗe. Can ya sake farawa.

"Alhaji," ya ce, "wa ya ce maka hatimi ne?"

"Ga shi nan gida-gida, Malam."

"Tagar gidanka ma gida-gida ce. Hatimi, in ka haɗa lambobin ta nan, ka haɗa ta can, ka haɗa ta kusurwa, dole su ba ka abu ɗaya. Wannan layin ya ba ni talatin da shida, na ƙasansa ashirin da tara, na ukun ma an bar gida biyu babu komai." Ya kalli Sagiru ta saman tabarau. "In wannan boka ne, yunwa za ta kashe shi a Lome."

Baba Garuba ya saki numfashi. Alhaji bai yi dariya ba.

"To layar fa?"

Malam ya kwance bakin jakar ya zazzage a tafin hannu. Ɗan lido kore ya faɗo, mai fuska ashirin, rana na ratsa shi kamar alewa.

"Sagiru, mene ne wannan?"

Ya fara bayani. Ya ce wasa ne kamar tatsuniya, sai dai ba mutum ɗaya ke yin ta ba, kowa na da baki a ciki. Ya warware taswirar a kan tabarma, ya danne gefunanta da takalmansa, ya nuna dajin da kogin. Malam ya sunkuyo yana bin kogin da ido.

"Ana sa kuɗi?"

"A'a, Malam. Ko goro ba a sawa."

"Yana hana ku salla?"

"Da an kira la'asar muke tashi. Samir ke jan mu."

Malam ya juya ɗan lidon a hannu. "Irin wannan abin jefawa, malamai sun yi magana a kansa, kuma ba magana mai daɗi ba. Ban taɓa ganin mai fuska ashirin ba, ban kuma san hukuncin wanda ake ba da labari da shi ba. Sai na duba. Zai kwana a wurina." Ya sa shi a aljihu.

"Duk wannan na ji," in ji Alhaji Buraima, ya nuna gefen takardar da carbi. "Waɗannan ƙafafun kajin fa? Kuma wace ce 'yata a cikin tatsuniyar taku?"

Nan ne Sagiru ya san ya iso wurin da yake tsoro. Ya iya cewa ado ne kawai, ya tsaya nan. Ya kalli shuɗin da ke farcensa.

"Alhaji, haruffan wasu Turawa ne na can arewa, na zamanin da. Sunanta na rubuta da su, sau shida, don ya zagaye takardar. Amma ba zan ɓoye ba, Samir ya ce masu su suna sassaƙa su a itace, wani lokaci har duba suke yi da su."

"Duba," in ji Alhaji.

"Ita kuma a wasan, mata ce mai magani. Mutanenta ba su da coci, ba su da masallaci. Suna da manyan itatuwa da suke girmamawa, suna kunna wuta a kan tudu in rana ta fi tsawo a shekara, suna jefa abu a rijiya don neman sa'a. Akwai wani ganye da ke fitowa a kan reshen wata bishiya, ba shi da saiwa a ƙasa, sai su hau su yanke shi da lauje na zinariya."

"Kauci ke nan," in ji Baba Garuba, kafin ya kama bakinsa.

Alhaji ya miƙe tsaye. "Kauci! Malam, ka ji? Kauci! Abin da bokaye ke nema ruwa a jallo! Ka ce mini ba boka ba ne, ga shi da bakinsa ya mai da mini 'ya bokanya, Bamaguza, mai hawa bishiya!"

"Zauna, Alhaji."

"Ni jikan mai ɗaukar Alƙur'ani daga Katsina har bakin teku a ƙafa!"

"Na sani. Zauna." Malam ya juyo ga Sagiru, kuma a fuskarsa akwai wani abu kamar mamaki. "Turawa ka ce? Su da kansu? Suna tsoron bishiya, suna yankan kauci?"

"Haka littafin ya ce, Malam. Ni ma abin da ya fara kama ni ke nan. A makaranta an nuna mana kamar da takalmi da agogo aka haife su."

Malam ya yi 'yar dariya a cikin gemu. "Ashe su ma sun yi jahiliyyarsu. Allah mai iko."

"Baba."

Daga bayan labule muryar ta fito. Zahida ba ta fito ba, sai yatsunta da ke riƙe da bakin labulen.

"Wa ya kira ki?"

"Ba kowa, Baba. Amma ba shi ya zaɓa mini ba, ni na zaɓa. Akwai jarumi, akwai ɓarawo, akwai 'yar sarki. Na ɗauki mai magani don ita ce in mutum ya faɗi ake kira. Ban taɓa roƙon bishiya komai ba. Ranar da Samir ya ce matar za ta yi wa gunkinsu kirari, na ce a tsallake wurin, aka tsallake. Ku tambayi maman Samir, tana zaune."

"To me ya sa kika ɓoye a jaka?"

"Don shi ya zana."

Baba Garuba ya sunkuyar da kai yana kallon tabarma da kyau, kamar an rubuta wani abu a jikinta. Alhaji ya koma kujerarsa a hankali. Carbin ya daina gudu.

Malam Idrisu ya miƙa wa Sagiru takardar. "Labarin mutanen da suka shuɗe, ba laifi a san shi. Mu ma muna karanta na Adawa da Samudawa. Amma haruffan da aka yi duba da su, ba na son su kewaye sunan 'yar Musulmi, ko da wasa. Kana iya raba su?"

Sagiru ya kalli aikin kwana ukun. Kowane harafi sai da ya gwada shi a bayan kwali kafin ya sa a nan, ya haɗa ja da ruwan ƙasa har ya samu launin da yake so. Ya laluba aljihu ya fito da rezar da yake fiƙe fensir. Ya kife farantin, ya shimfiɗa takardar a bayansa, ya ja reza sau huɗu ba tare da abin ja layi ba, kowane gefe ya fita a miƙe. Ya tattara siraran guda huɗun ya ajiye a gaban Malam da hannu biyu.

"In Malam ya duba ya ce ɗan lidon ma a bari, za mu bari," ya ce. "Sai mu rubuta lambobi a takarda mu riƙa zara. Labarin muke so."

A waje mai koko na kiran ragowar na safe, wata akuya ta leƙo ƙofa ta koma. Takardar ta rage ƙarama, fara, sunan Zahida a sama da gidajen lambobi a ƙasa. Alhaji Buraima ya daɗe yana kallon ta daga nesa, sannan ya miƙa hannu. Ya ɗauke ta da yatsu biyu, ta kusurwa.

Faransancinsa na kasuwa ne, amma 'ya'ya bakwai ya sa a makaranta, kuma ba takardar sakamakon da ta shigo gidan bai sa mata hannu ba. Ya bi kalmomin da ke kan gidajen yana haɗa baƙi.

"Wannan ƙarfi ke nan. Goma sha ɗaya. Sha ɗaya cikin nawa?"

"Cikin ashirin, Alhaji."

"Hm. Mace ce, ba laifi." Yatsansa ya gangara. "Wannan kuma, sha shida?"

"Sanin ganye da magani."

"Ehe." Ya gyaɗa kai. Yatsan ya matsa gida na gaba ya tsaya cak. Ya kawo takardar kusa da fuska. "Wannan ba hankali ba ne?"

"Shi ne."

"Tara?"

Alhaji ya ɗago kai ya kalli Sagiru.

"Tara cikin ashirin? Ko muwayen, rabin maki, ba ta samu ba? Yarinyar da tun daga ajin farko ba ta taɓa kawo mini ƙasa da sha huɗu ba? Wadda ta ci bak, jarrabawar shiga jami'a, a zama ɗaya? Kai da ka tsaya a firamare, kai ne za ka ba 'yata tara a hankali?"

"Alhaji, ba ni na ba ta ba. Ɗan lido aka jefa. Kuma ba ita ba ce, matar cikin labarin ce."

"Sunan wa ke sama?"

"Nata."

"To!"

Daga bayan labule aka ji wani sauti kamar an toshe baki da gyale, kuma ba mutum ɗaya ba ne. Malam Idrisu ya cire tabarau ya shiga goge su, kafaɗunsa na rawa.

Alhaji ya zaro biro daga aljihun gaba, wanda yake rubuta yadin atamfa da shi. Ya ɗora takardar a gwiwa, ya lanƙwasa harshe a gefen baki, ya ja sanda ɗaya a gaban taran. Sandar ta karkace, ta ɗan shiga gidan da ke kusa. Ya hura mata iska duk da biro ba ya bukata, ya duba, sannan ya miƙa wa Sagiru.

"Sha tara. Ɗayan da ya rage na bar shi, saboda wanda ta zaɓa."

Sagiru ya karɓa da hannu biyu. A dokar wasan ba mai taɓa lamba bayan an jefa, Samir ya sha faɗa a kan haka. Ya ninke takardar a hankali.

"Na gode, Alhaji."

Alhaji ya riga ya juya ga Baba Garuba. "Ranar Juma'a ku zo bayan an sauko, kada ku bari sai la'asar, ina da baƙi daga Kumasi. Kuma Garuba, goron ya zama fari. Haƙorana ba sa son ja."